Me Ya Sa Shafin Intanet Ke Ƙin Sunanka?

Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sa'adu Zungur, 'ya'yan ƙasar Bauchi biyu da suka yi fice a siyasa da alƙalami, da a ce yau za su cike fom a intanet, da shafuka da yawa sun ƙi karɓar sunayensu yadda suke. Na farko saboda Ɓ mai ƙugiya, na biyu saboda alhamzar da ke tsakiyar Sa'adu. Akwatin zai yi ja, a rubuto da Turanci cewa an shigar da harafin da ba a yarda da shi ba. Sai an cire ƙugiya, an cire alhamza, an rubuta sunan da ba shi ke nan ba, sannan shafi ya bari a wuce.

Ina da shagon kwamfuta a Tirwun, nan gefen birnin Bauchi. Buga takardu nake yi, da cike wa mutane fom na makaranta da na neman aiki, a 'yan shekarun nan kuma na shiga gina ƙananan shafuka ga makarantu da ƙungiyoyi. Abin da wannan sana'a ta nuna mini shi ne, ba na'ura ce ta gaza da Hausa ba. Kayan aikin da za a rubuta Hausa daidai a kwamfuta sun haura shekara 30 da samuwa, kuma kyauta ne. Sakacin yana cikin ƙananan sassan shafi, waɗanda ba mai kula da su sai ranar da suka tare masa hanya.

Shafin intanet ba a zuba shi gaba ɗaya. Guntu-guntu ake harhaɗa shi: maɓallin da kake dannawa, akwatin da kake rubuta suna, jerin da kake zaɓar jiha da ƙaramar hukuma, ɗan kalandar ranar haihuwa, jan saƙon da ke fitowa in an yi kuskure. Mai gina shafi yakan tsara kowane guntu sau ɗaya, sannan ya yi ta maimaita shi duk inda ya buƙata. Sau tari ma ba shi ya tsara ba, a shirye ya ɗauko daga tarin da wasu suka saki kyauta, irin Bootstrap da ma'aikatan Twitter suka fitar a 2011, ko ya ɗora aikinsa a kan React da Facebook ya saki a 2013. Kamar abin buga bulo ne: in bakinsa a karkace yake, ko bulo dubu aka buga a karkace za su fito, in kuwa aka daidaita shi to an daidaita gini duka. Shi ya sa maganar harshe a shafi take farawa daga waɗannan guntayen, ba daga mai fassara da ake kira bayan an gama komai ba.

Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. A tsarin ASCII da Amurka ta fara fitarwa a 1963, gurabe 128 kawai aka tanada, daidai buƙatar Turanci: babban A lamba 65, ƙaramin k lamba 107, ƙaramin z lamba 122. Mu kuwa haruffanmu masu ƙugiya sun riga kwamfuta. Sun samu gindin zama tun shekarun 1930, zamanin da Dokta Rupert East ke jagorantar aikin fassara da talifi a Zariya, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a Janairun 1939 ta taimaka wajen yaɗa rubutun, taron Bamako na 1966 kuma ya duba daidaita shi tsakanin ƙasashe. Da kwamfuta ta iso ba tare da su ba, sai malamanmu suka nemi dabara. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiro zubin haruffa masu ƙugiya, aikin da ya fitar da marubuta da maɗaba'u kunya na tsawon lokaci. Irin waɗannan zubi na wancan zamani aro suke yi: a ɗauki gurbin wata alama da Hausa ba ta cika amfani da ita ba, a zana ƙ ko ɗ a kai. Muddin zubin yana cikin kwamfutarka, lafiya lau. Ranar da rubutun ya koma wata na'ura ko ya hau intanet, sai asiri ya tonu, ka ga "}asa" a madadin ƙasa, "]aya" a madadin ɗaya, ko "qasa" da "xaya". Har gobe ɗalibai suna kawo mini kundin bincike a haka, mu zauna mu yi ta musanyawa.

Maganin dindindin shi ne Unicode, wanda ya fito a 1991 da niyyar ba kowane harafi na kowane harshe lambarsa shi kaɗai. Tun farkon tafiyar aka sa namu a ciki: ƙ lamba 409, ɓ lamba 595, ɗ lamba 599, haka manyansu, haka ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa inda mu muke sa 'y. A 1992 Ken Thompson da Rob Pike suka tsara UTF-8, hanyar da ake ajiye waɗannan lambobi a aika da su, wadda yau kusan duk shafukan duniya da ita suke aiki. Sai dai dole kowane zango ya yarda da ita: shafin, da rumbun da ake ajiye bayanai, da takardar da za a buga a ƙarshe. In zango ɗaya ya karanta da tsohon tsari, ƙasa takan koma "Æ™asa", ɗaya ta koma "É—aya". Duk wanda ya taɓa ganin irin wannan tarkace a takardar sakamako ko a rasit, to ba ƙwayar cuta ba ce ta shiga, layi ɗaya ne wani bai saita ba.

Ko lamba ta isa lafiya, sai an samu zanen da za a nuna. Zubin haruffa da yawa masu kyan gani ba su da namu. In waya ta nemi ɗ ta rasa, ko ta nuna ɗan akwati fanko, ko ta aro daga wani zubi, sai ka ga kalma ɗaya da harafi guda ya fi sauran kauri ko ya ɗan nutse ƙasa. Akwai wani abu a nan da ya daɗe yana ba masu gini wahala ba su san dalili ba. A jadawalin Unicode, ƙ da manyan Ɓ, Ɗ, Ƙ suna rukuni ɗaya, amma ƙananan ɓ da ɗ suna wani rukuni dabam, na alamomin masana furuci. Mai gini da ke son shafinsa ya yi sauƙi, kada ya cinye wa mutane data, yakan datse zubin ya bar rukunan da yake ganin ana buƙata, sai ya zubar da na furucin. Sakamakon haka ƙ ta fito tsaf, ɓ da ɗ su ɓace. Niyyar rage nauyi mai kyau ce, don mu nan mun san darajar data. Amma akwai zubi na kyauta da suka cika, irin Noto na Google da Andika da Charis na ƙungiyar SIL, kuma ƙara haruffa takwas a cikin abin da aka datse ba ya ƙara nauyin da za a ji.

Inda abin ya fi yi mini ciwo shi ne akwatin suna. Wata rana wani dattijo ya zo da takardun 'yarsa za mu cike mata fom na gaba da sakandare. Sunanta na da alhamza, kuma haka yake a takardar haihuwarta. Na rubuta, akwati ya yi ja.

Na ce, "Baba, shafin ya ƙi karɓar sunan yadda yake."

Ya ce, "Ya ƙi kamar yaya, ɗana? Sunan da liman ya raɗa mata a gaban jama'a?"

Na ce, "Wannan 'yar alamar ta sama ce ba ya so. Sai mun cire ta."

Ya yi shiru, ya sake duba takardar haihuwar, sannan ya ce, "To in an cire, gobe ba za su ce ba ita ba ce?"

Tambayar nan tasa ita ce gaskiyar lamarin. Haka ake wayar gari mutum ɗaya yana da suna iri uku: wata takarda da alhamza, wata babu, wata kuma an raba sunan gida biyu. Ranar da aka zo gwada takardu da juna, a banki ko wurin ɗaukar aiki, sai a ce ba su yi daidai ba, a tura shi kotu yin rantsuwa, ya biya kuɗi a kan laifin da ba nasa ba. Dubi yawan sunayenmu da abin ya shafa: Isma'ila, Rabi'u, Mu'azu, Shu'aibu, Asma'u, Sa'adatu, sannan Ɗanladi, Ɗanjuma, Ƙasimu. Ba tsirarun mutane ba ne.

Masu gini suna da hujjarsu, kuma ya kamata a faɗe ta. Alamar da muke rubuta alhamza da ita tana da aiki a harshen da ake yi wa rumbun bayanai magana, ɓarayin intanet kuma sukan yi amfani da ita su cusa nasu umarnin. Tsoron haka ne ke sa wasu su kafa doka cewa daga A zuwa Z kawai akwati zai karɓa. Amma an daɗe da sanin sahihiyar kariya, wato a aika da umarni dabam, abin da mutum ya rubuta dabam, yadda rumbun ba zai taɓa ɗaukar suna a matsayin umarni ba. Wanda ya yi haka ba ya buƙatar korar alhamza. Wanda bai yi ba kuwa, ko ya kore ta shafinsa bai tsira ba. Mutanen Ailan masu sunaye irin O'Brien sun sha wannan wahala, sun yi ta ƙorafi har shafuka da yawa suka gyara. Mu ne muka saba haƙuri.

Ita kanta alhamzar iri uku ce a na'ura: miƙaƙƙiya ta kan kibod, da lanƙwasasshiya da waya ko manhajar rubutu ke musanya maka ba ka sani ba, da ta uku wadda Unicode ya ware a matsayin harafi sosai. A ido kusan ɗaya suke, a lamba kowace dabam. Akwatin bincike da bai san haka ba zai ce maka babu 'ya'ya a shafi alhali kalmar tana nan. Haka ma in mutum ya rubuta "kasa" yana neman "ƙasa", wanda shi ne abin da mafi yawan mutane ke yi. Dabarar da ake amfani da ita wajen Faransanci, ta cire alamar kan é a bar e, ba ta aiki a nan, domin a wurin Unicode ƙ harafi ne guda cur, ba k da aka ɗora wa wani abu ba. Sai mai gini ya zauna ya gaya wa akwatin binciken cewa wanda ya rubuta k a nuna masa har da ƙ. Jerin sunaye ma haka. In aka bar kwamfuta ta jera bisa lamba, Ɗanladi da Ƙasimu za su faɗo ƙarshen rajista, bayan Zubairu, tunda lambobinsu sun fi na Z girma. Alhali ƙa'idar jerin Hausa, ɓ bayan b, ɗ bayan d, ƙ bayan k, tana nan a rubuce cikin CLDR, taskar bayanan harsuna da ƙungiyar Unicode ke kula da ita, kuma manhajojin buɗe shafi na zamani suna ɗauke da ita. Kira kawai ake yi.

Sai maganar kalmomin da ke jikin guntayen. Ƙa'idar farko a wannan aiki ita ce kada a manne rubutu a jikin maɓalli. A ba kowace jimla laƙabi, a tara jimlolin a fayil dabam, na Hausa dabam, na Turanci dabam, na Larabci dabam, maɓalli ya riƙa ɗauko wadda ta dace da harshen da mai karatu ya zaɓa. Da jin haka sai a ce ai shi ke nan, a miƙa wa mai fassara. Ba a nan gizo ke saƙar ba.

An taɓa kawo mini gyaran shafin duba sakamako na wata makarantar Islamiyya. An fassara shi da Hausa, amma duk yarinyar da ta shigar da lambarta sai shafi ya ce mata "Ka ci jarrabawa". Iyaye mata suka yi ta magana, kuma da gaskiyarsu. Turanci kalma ɗaya yake da ita ga wanda ake yi wa magana, mu kuwa muna da ka, da ki, da ku. Wanda ya tsara guntun gurbin jimla ɗaya ya bari, don haka ko wane gwani ne ya yi fassarar ba yadda zai yi. Hanya biyu ce. Inda shafi ya san ko namiji ne ko mace, kamar rajistar makaranta, sai a buɗe gurbi biyu, guntun ya zaɓa. Inda bai sani ba, Hausa tana da nata mafita: "Shiga", "Aika", "Ajiye", "An manta kalmar sirri?", "A sake gwadawa". Ni na fi son wannan siga ta "a" da "an" a kan "ku" ta girmamawa, don ta fi gajarta kuma ba ta ware kowa, ko da yake na san masu ganin "ku" ta fi ladabi, kuma a shafin da dattawa za su yi amfani da shi ba na musu da su.

Jam'i ma tarko ne. Mai gini da Turanci a kansa yakan rubuta dokar cewa in abu ya wuce ɗaya a liƙa harafin s a ƙarshe, kuma lamba ta zo kafin suna. A Hausa lamba bayan suna take zuwa, jam'inmu kuma ba ya bin hanya ɗaya: saƙo, saƙonni, littafi, littattafai, ɗalibi, ɗalibai. Wani wurin ma tilo muke bari, mu ce kwana 3, mutum 5, naira 200. Larabci kuwa siga shida CLDR ta lissafa masa. Saboda haka ba a yanka jimla gunduwa-gunduwa a ce mai fassara ya fassara kowace ita kaɗai. Cikakkiyar jimla ake ba shi, da gurbin lamba a ciki, ya ajiye gurbin inda harshensa ya ce. Sannan a bar wa maɓalli sarari. Abin da Turanci ya faɗa da harafi huɗu Hausa na iya buƙatar kalma uku, a ƙaramar fuskar wayar Itel ko Tecno kuwa, in an ƙayyade faɗin maɓalli, sai a yanke rabin magana a sa ɗigo uku. Kuma a nan ne rashin ƙugiya ke zama haɗari na gaske: maɓallin da ya kamata ya ce "Ƙi" in ya ce "Ki", ko "Ƙara" ya zama "Kara", a cikin doguwar jimla mai karatu zai gane daga abin da ke kewaye, amma a kan maɓalli kalmar ita kaɗai take tsaye.

Kwanan wata ba sai an daɗe a kansa ba. Sunayen watanni da ranakun mako da Hausa suna cikin CLDR, kuma rubuta "3 ga Afrilu" ya fi 03/04 aminci, tunda Ba'amurke zai karanta wannan a matsayin 4 ga Maris. Abu ɗaya kawai zan ja kunne a kai: kwamfuta tana iya lissafa watan Hijira, amma mu a nan ganin wata da sanarwar Sarkin Musulmi muke bi, kuma sukan saɓa da lissafi da kwana guda. Shafin makaranta ko na masallaci ya bar wa mai kula da shi damar gyara ranar da hannu.

A wancan shafin Islamiyyar ne kuma na ga yadda rubutun dama zuwa hagu ke gwada mai gini. Sunayen darussa da Larabci suke, sunan ɗalibi da boko, maki da lambobi, duk a layi ɗaya. In ba a gaya wa kowane yanki alkiblarsa ba, sai aya ta tsallaka farkon jimla, maki ya koma gefen darasin da ba nasa ba. HTML, harshen da ake gina shafi da shi, yana da 'yar alama da ake sa wa yanki a ce wannan daga dama yake farawa. In kuwa shafin gaba ɗaya zai koma Larabci ko Ajami, to komai juyawa yake yi: jerin zaɓi ya koma dama, kibiyar "gaba" ta kalli hagu. Mai gini da ya saba cewa "bar sarari a hagu" dole ya koyi cewa "bar sarari a farkon layi", CSS na yanzu, harshen da ake tsara kamannin shafi da shi, kuma ya tanadi hakan.

Ajami yana da nasa ƙarin buƙatu, kuma ina ganin an fi zaluntarsa. Rubutun da aka koya mana a makarantar allo na ruwayar Warshu ne: fa da ɗigo a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama, ga ɗigon ƙasa na wasalin e. Zubin Larabci da ke zuwa cikin waya na Gabas ne, almajirin da ya sauke a Bauchi zai ga baƙin abu. Sannan Balarabe kan bar wasulla a rubutun yau da kullum, Ajamin Hausa kuwa ba ya karantuwa sai da su, don haka layi yana buƙatar sarari sama da ƙasa, in ba haka ba akwati ya aske wasullan. An samu ci gaba. Unicode ya ƙara siffofin fa da ƙaf da nun na Afirka a 2016, a 2020 kuma ya ƙara wasu haruffa da ake rubuta Hausa da Wolof da su. SIL ta fitar da zubin Alkalami, wanda aka zana bisa hannun marubutan Kano, da Harmattan na Afirka ta Yamma, duka kyauta. A takardun kuɗi kuwa, an cire Ajami daga ƙananan takardun naira a 2007, da sabuwar naira 100 a 2014, ya rage a 200 da 500 da 1000, kuma kowa ya ji irin muhawarar da aka yi. A intanet ba sai mun jira iznin kowa ba. Duk da haka da wuya ka ga shafin asibiti ko na aikin gona da ya sa Ajami a cikin zaɓin harshe, alhali a ƙauyukan da ke kewaye da mu akwai dattawa da yawa da shi kaɗai suke karantawa.

Kada kuma mu ɗauka Hausa ce kaɗai. Tirwun tsohon garin Gerawa ne, tarihi yana danganta asalin Malam Yakubu, wanda ya kafa Bauchi, da nan, kuma harshen Gerawa yana ja da baya a bakin yara. Jihar nan cike take da harsuna: Fulatanci, da na Jarawa, da na Sayawa, da na Warjawa, da sauransu. Fulatanci yana tarayya da mu a ɓ da ɗ da ƴ, ya ƙara da ŋ, ga kuma rubutun Adlam da 'yan'uwa biyu, Ibrahima da Abdoulaye Barry, suka ƙirƙiro a Gini a 1989, wanda ya shiga Unicode a 2016, shi ma daga dama yake farawa. Kowane harshe yana da lambar shaidarsa da shafi ke sanar da na'ura: ha ta Hausa, ff ta Fulatanci, gew ta harshen Gerawa. Amfanin gina guntaye daidai tun farko shi ne, ranar da matasan Gerawa suka so shafi ya yi magana da harshen kakanninsu, fayil ɗaya za su rubuta, ba sabon gini za a tayar ba. Kuma don Allah a daina sa tuta a matsayin alamar harshe. Tutar Najeriya wane harshe take nufi? Bahaushen Maraɗi ko na Kumasi wace zai danna? A rubuta sunan kowane harshe da harshen kansa, da rubutunsa.

Akwai wuri ɗaya da uzurin masu cire ƙugiya yake da ƙarfi, wato saƙon tes. Saƙo ɗaya yana ɗaukar harafi 160 in duk haruffan suna cikin tsohon jerin GSM. Da zarar ƙ ɗaya ta shiga, ko alamar ₦, sai saƙon ya koma wani tsari mai ɗaukar 70 kawai, abin da za a biya kuɗin saƙo ɗaya ya zama na biyu ko uku. Makarantar da ke tura wa ɗaruruwan iyaye saƙo za ta ji a aljihunta. Wannan na fahimta. Amma iyakar tes ce, ba ta shafi shafin intanet ko WhatsApp ba, kuma gyaran da ya dace shi ne a ajiye sunan daidai a rumbu, a sauƙaƙa shi a lokacin tura tes kaɗai.

Mu ma da namu kason. Google ya sa Hausa a manhajar fassararsa a 2013, Facebook ya buɗe da Hausa a 2016, amma dubi abin da muke rubutawa a ciki: yawancinmu babu ƙugiya ko ɗaya, har da waɗanda suka karanta Hausa a jami'a. Da can da uzuri, yanzu kuwa wanda ya shiga saitin kibod irin Gboard ya ƙara Hausa zai samu haruffan nan a yatsarsa. Abin yana da muhimmanci fiye da kyan gani, domin manhajojin fassara da na gyaran rubutu daga abin da muka rubuta suke koyo. In mun cika intanet da Hausa marar ƙugiya, ita za su ɗauka daidai, su dawo mana da ita, su koya wa 'ya'yanmu.

Ɗaliban kwamfuta na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da na kwalejojin kimiyya da ke garin nan su ne za su gina shafukan da jihar nan za ta yi amfani da su nan gaba. Ina roƙon malamansu su sa wannan a cikin abin da ake dubawa kafin a ba da maki. Ku kuma shugabannin makarantu da ƙungiyoyi da ma'aikatu masu ba da kwangilar shafi, ku rubuta a cikin yarjejeniya cewa dole ya karɓi haruffan Hausa da alhamza, ya jera sunaye bisa ƙa'ida, ya bambance ka da ki. Ranar miƙa aiki kada ku duba a babbar kwamfutar mai gini. Ku ciro ƙaramar wayar da ke aljihunku, ku rubuta sunayen mutanenku da hannunku, ku nemo su, ku buga takardar ku gani. In ba su fito daidai ba, kada ku biya cikon kuɗin sai an gyara.